Rumbun Samfurin Jini da Fitsari: Amanar Masu Lalurar Jijiyar Mafitsara

Da yawa daga cikinmu idan suka ji an ce mutum ba ya iya riƙe fitsari, nan da nan hankalinsu ke tafiya ga yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke haddasawa. Amma akwai wata lalura ta dabam, wadda mafitsara ba ta huje ba, saƙon da ke kai-komo tsakaninta da ƙwaƙwalwa ne ya yanke. Raunin laka sakamakon haɗarin mota, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da ya daɗe, da tsagewar ƙashin baya da ake haifar wasu jarirai da ita, duk suna iya jawo hakan. Wani fitsarin zai riƙa kufce masa, wani kuma ya taru ya ƙi fita, har matsinsa ya koma sama ya illata ƙoda.

An samu ci gaba tun 1972, lokacin da likitan Amurka Jack Lapides ya nuna cewa majinyaci zai iya zura tsaftataccen bututu da kansa sau da yawa a yini ya zubar da fitsarin. Duk da haka, tambayoyi masu nauyi sun rage. Galibin masu amfani da bututu ana samun ƙwayoyin cuta a fitsarinsu ko da lafiyarsu ƙalau. To yaya za a bambance wanda ke buƙatar magani da wanda maganin zai ƙara wa ƙwayoyin taurin kai? Haka nan gwajin ƙoda da aka saba ya dogara da wani sinadari da tsoka ke fitarwa, alhali mai raunin laka tsokarsa ta zube, don haka sakamakon kan nuna lafiya ƙoda kuwa tana tafiya.

A nan ne rumbun ajiyar samfur ke da amfani. Ana karɓar jini da fitsari, wani lokaci da ɗan yankin naman mafitsara idan an yi tiyata, a rarraba su cikin ƙananan kwalabe, a daskarar a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ko cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili. Rarrabawar tana da dalili: duk samfurin da aka narkar aka sake daskararwa, ingancinsa raguwa yake yi. Idan ƙodar majinyaci ta lalace bayan shekara biyar, sai masu bincike su koma ga fitsarinsa na farko su nemi alamar da ta riga cutar bayyana. A Birtaniya an tattara samfurin mutane kusan 500,000 tsakanin 2006 da 2010, kuma har yau ana cin moriyarsa. A gida ma, shirin H3Africa ya kafa irin wannan rumbu a Abuja.

A ganina, abin da zai tsayar da irin wannan aiki a asibitocin koyarwa namu abu uku ne. Na farko wutar lantarki, domin firiza da ta mutu na kwanaki kan iya rusa aikin shekaru. Na biyu rubutaccen bayani: kwalbar da ba a san matakin raunin mai ita ba, ko maganin da yake sha, ko ranar da aka ɗauka, ruwa ce kawai. Na uku, wanda ya fi su duka, amana. Jama'ar Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba. Dole ne a yi wa majinyaci bayani da harshensa, ya san me za a ajiye, wa zai yi amfani da shi, ko za a fitar da shi waje, da kuma cewa yana da ikon janyewa ba tare da an rage masa kulawa ba. A ɓoye sunansa da lamba, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta kiyaye sirrin lafiya.

Mutumin da kunyar warin fitsari ta hana shi shiga sahun masallaci ko zaman aji ya riga ya yi asara mai yawa. Idan har ya yarda ya ba mu wani abu daga jikinsa don amfanin na baya, hakkinsa ne a kanmu, mu malamai da ɗalibanmu, mu tanadi wurin da zai adana shi kafin mu miƙa hannu mu karɓa.