Maiƙon Tantanin Ƙwayar Halitta da Turjiyar Sankarar Dubura ga Gashi

Idan sankarar dubura, wato ciwon dajin da ke kama ƙarshen babban hanji, ta ratsa bangon hanjin, likitoci sukan fara da gashi kafin tiyata, inda ake haska ƙarin da haske mai ƙarfi sau 25 zuwa 28 cikin mako biyar ko shida, tare da magani irin su kafesitabin. Sai dai sakamakon yakan bambanta ƙwarai, domin kusan majiyyaci ɗaya ne cikin biyar ƙarinsa ke ɓacewa ɓat, wasu kuwa da ƙyar nasu yake raguwa.

An daɗe ana ɗora bayanin wannan turjiya a kan gwanintar ƙwayar sankara wajen gyara DNA ɗinta bayan gashi ya kakkarya shi, amma wannan rabin zance ne. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani mai ninki biyu na maiƙo, kuma idan hasken ya farfasa ruwan da ke cikinta, sinadaran da ke fitowa sukan afka wa maiƙon, musamman nau'in da ke da raunin haɗi a wurare da yawa, su lalata shi kamar yadda iska ke ɓata man gyaɗan da aka bari a buɗe. In ɓarnar ta yi yawa tantanin yakan yage, ƙwayar ta mutu, mutuwar da masana a Jami'ar Kolambiya ta Amurka suka raɗa wa suna ferotosis a 2012, saboda sinadarin ƙarfe ne ke rura ta.

Ƙwayar da ta iya turjiya takan sauya tubalin tantaninta. Wani furotin mai suna SCD1 yana samar da maiƙo mai raunin haɗi ɗaya tak, wanda ba ya saurin lalacewa, yayin da wani furotin mai suna GPX4 ke bin maiƙon da ya fara ɓaci yana gyara shi. Haka nan gashi yakan sa tantanin ya fitar da seramayid, maiƙon da ke umartar ƙwaya ta kashe kanta, amma wasu ƙwayoyin sukan sarrafa shi ya koma wani sinadari mai ƙarfafa rayuwarsu.

Galibin hujjojin nan daga ƙwayoyin ɗakin gwaji da ɓeraye suka fito, don haka kuskure ne majiyyaci ya ɗauka cewa sauya man girki zai sa gashi ya fi yi masa aiki. Abin da masu bincike ke nema shi ne a duba tsarin maiƙon tsokar da aka gutsuro daga ƙarin tun kafin a fara gashi, a ware wanda zai amfana da wanda ya kamata a sauya masa hanyar magani.