Toronto: majalisar gari ta shimfiɗa, lardi ya ce a kwashe

Yau mun leƙa ƙasar Kanada, inda ƴar siririyar hanyar keke ta haɗa manya faɗa.

A birnin Toronto, majalisar gari ta ware wa masu keke gefen wasu manyan tituna, ta sa shinge tsakaninsu da motoci. Sai Doug Ford, shugaban gwamnatin lardin Ontario, ya ce wannan gefen ne ke janyo cunkoso. A watan Nuwamba na 2024 majalisar lardin ta amince da doka mai lamba 212, wadda ta ce a kwashe hanyoyin keke na titunan Bloor, Yonge da University, kuma duk garin da zai rage wa motoci layi saboda keke sai ya nemi izinin lardi tukuna.

Magajiyar gari Olivia Chow ta ce ba ta yarda ba. Ma'aikatanta sun ƙiyasta cewa rushewar kaɗai za ta ci dalar Kanada miliyan 48. To amma ƙin nata bai da ƙarfi, don kuwa kundin tsarin mulkin 1867 ya sa garuruwa ƙarƙashin larduna: lardi ke ba da iko, shi ke karɓewa. Mutanen Toronto sun riga sun ɗanɗana. A 2018, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, Ford ya rage mazaɓun birnin daga 47 zuwa 25, kotun ƙoli kuma ta ba shi gaskiya a 2021.

Saboda haka ba hukumar gari ce ta tsayar da aikin ba. Ƙungiyar Cycle Toronto ce da wasu mahaya keke biyu suka kai ƙara. Ran 30 ga Yuli 2025, alƙali Paul Schabas ya yanke cewa cire hanyoyin zai jefa rayuka cikin haɗari, kuma shawarwarin da ƙwararrun gwamnati suka ba ta ba su nuna cunkoso zai ragu ba. Gwamnatin lardi ta ɗaukaka ƙara.

A ganinmu, nan ne gizo ke saƙa. Alƙali ya kare ran mai keke, amma bai ce titi na gari ba ne. Kuma kada mu ɗauka hukumar gari kullum tana bayan keke: a 2012, birnin da kansa ya goge hanyar keken titin Jarvis, lokacin da Rob Ford, ƙanen Doug, ke magajin gari.