Jirgin Saye, Matuƙin Haya: Darasin da Yaƙin Kwaddibuwa Ya Bar wa Afirka ta Yamma

Ranar 6 ga Nuwamba, 2004, jiragen yaƙi biyu samfurin Sukhoi-25 suka tashi daga Yamoussoukro suka yi ruwan rokoki a kan sansanin sojojin Faransa da ke makarantar Descartes a Bouaké. Sojojin Faransa 9 da wani Ba'amurke farar hula suka mutu. A ranar Shugaba Jacques Chirac ya ba da umarni, dakarunsa suka lalata jiragen biyu bayan sun sauka, suka kuma bi sauran jiragen yaƙin Kwaddibuwa. Cikin sa'o'i kaɗan rundunar saman da Shugaba Laurent Gbagbo ya shekara biyu yana tarawa ta zama tarkace.

Kowanne daga cikin jiragen nan mai kujera biyu ne, irin wanda aka ƙera domin koyarwa da kuma faɗa. A ciki akwai matuƙi ɗan Belarus tare da hafsan Kwaddibuwa. Wannan zama na mutum biyu shi ne hoton wata ɗabi'a da ta daɗe a yankinmu: gwamnati ta sayi jirgi da gaggawa, ta yi hayar wanda zai tuƙa shi, ɗan ƙasa kuma ya koyi aiki a tsakiyar yaƙi.

Abin da ya haifar da ita

Dalili na farko shi ne lokaci. Ana iya ƙulla cinikin jirgi a kawo shi cikin makonni, amma matuƙin yaƙi sai ya yi shekaru: karatun aji, ƙaramin jirgin koyo, jirgin koyo mai injin jet, sannan koyon harbi da tashin dare. Bayansa kuma akwai makanikai, masu ɗora makamai, da masu tantance abin da za a kai wa hari. Lokacin da tawaye ya ɓarke ranar 19 ga Satumba, 2002, ƙasar ta rabu biyu cikin kwanaki, Gbagbo ba shi da waɗannan shekaru.

Na biyu, gadon mulkin mallaka. Shugaban ƙasar na farko, Félix Houphouët-Boigny, ya jingina tsaron ƙasarsa a kan yarjejeniyar 1961 da Faransa da kuma sansanin Faransawa na Port-Bouët, ya bar rundunarsa ƙarama. 'Yan jiragen Alpha Jet da ƙasar ta mallaka suna Bouaké, garin da ya zama hedikwatar 'yan tawaye. Faransa kuwa ta ɗauki rikicin a matsayin na cikin gida, ta tsaya a tsakani maimakon ta murƙushe tawayen.

Na uku, kasuwa ta buɗe. Rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta bar ɗimbin jirage a ajiye da ƙwararrun matuƙa marasa albashin kirki a Belarus da Yukren da maƙwabtansu. Ƙasar da ta fi kowace noman koko a duniya ba za ta rasa kuɗin ciniki ba. Haka jirage masu saukar ungulu samfurin Mi-24 suka iso tun ƙarshen 2002, Sukhoi suka biyo baya.

Na huɗu, rashin yarda. Tun juyin mulkin Janar Robert Guéï a Disamba 1999 bariki ya rarrabu bisa ƙabila da yanki. Shugaban da ke tsoron sojojinsa ya fi sakin jiki da baƙon da ba shi da dangi a ko'ina, sai dai albashinsa.

Kwaddibuwa ba ita ta fara ba. A Agusta 1967 jiragen MiG na Sobiyet suka sauka filin jirgin saman Kano, kuma matuƙa 'yan Masar ne suka yi yawancin shawagin farko a yaƙin basasar Najeriya, domin rundunar saman da aka kafa a 1964 ba ta riga ta yaye isassun mutanenta ba. Biyafara ita ma ta samu Carl Gustaf von Rosen ɗan Suwidin da ƙananan jiragensa a 1969.

Riba da hasara

Gaskiya ne dabarar takan yi amfani na ɗan lokaci. Jiragen Mi-24 sun taimaka wa sojojin gwamnati wajen rage wa 'yan tawaye gudu, musamman a yammacin ƙasar. Amma tun a watannin farko aka fara kukan cewa suna faɗa wa ƙauyuka da kasuwanni, har Gbagbo ya yi wa ministan harkokin wajen Faransa Dominique de Villepin alƙawari a Janairu 2003 cewa zai sallami sojojin haya ya ajiye jiragen. Baƙon da bai san ranar cin kasuwar gari ba, bai kuma jin harshen mai ba shi bayani daga ƙasa, yana da wuya ya bambanta taron 'yan bindiga da taron masu saye da sayarwa.

Hasara ta biyu ita ce ɓacewar alhaki. Kwanaki kaɗan bayan harin Bouaké hukumomin Togo suka tsare 'yan Belarus 8 da suka fito daga Kwaddibuwa, suka sanar da Faransa, aka rasa mai karɓarsu, aka sake su. Sai a Afrilu 2021 wata kotu a Paris ta yanke wa Yury Sushkin da hafsoshin Kwaddibuwa biyu, Patrice Ouei da Ange Gnanduillet, ɗaurin rai da rai, ba tare da ko ɗayansu ya halarci zaman ba. Kotun ba ta gano wanda ya ba da umarnin harin ba.

Hasara ta uku ta faɗa kan mutanen da ba su taɓa shiga jirgin ba. Adjamé, mai babbar kasuwa da tashoshin motocin da ke tafiya arewa har Yamai, da Treichville ta bakin tashar jiragen ruwa, unguwanni ne a birnin Abijan da Hausawan Nijar da Najeriya suka daɗe suna neman abinci, daga mahauta da 'yan tireda zuwa masu sayar da abincin garba. A zanga-zangar 'yan adawa ta 25 ga Maris, 2004, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga aƙalla mutum 120 da aka kashe a Abijan, ya kuma ce an fi farautar 'yan arewa da baƙi daga Burkina Faso, Mali da Nijar. A daren 6 ga Nuwamba, da Charles Blé Goudé, jagoran matasa magoya bayan Gbagbo, ya kira su su fito, dubbai suka nufi filin jirgin sama, hanyar da dole ta ratsa gadojin da ke haɗa unguwar Plateau da Treichville. Jiragen Faransa masu saukar ungulu suka buɗe wuta domin tare gadojin. Gwamnati ta ce fiye da mutum 50 ne sojojin Faransa suka kashe a waɗannan kwanaki, Faransa ta ce wajen 20 ne. Dubban Turawa suka bar ƙasar, shaguna da kamfanoni suka rufe, ciniki ya tsaya wa mai ci daga hannu zuwa baki.

Ranar 15 ga Nuwamba, 2004, Kwamitin Sulhu ya ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin makamai da ƙuduri mai lamba 1572, wanda ba a ɗage shi baki ɗaya ba sai 2016. Da rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa ya kai ƙarshe a Afrilu 2011, jiragen da suka mamaye samaniyar Abijan na Faransa ne da na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda matuƙa 'yan Yukren ke ja. Ranar 4 ga wata suka kai hari kan barikin Akouédo da barikin jandarmomi na Agban da ke cikin Adjamé, mutanen unguwa suna ƙunshe a ɗaka ba kasuwa ba masallaci. Mako guda bayan haka aka kama Gbagbo. Zanen aro ba ya rufe katara: ƙasar da ta yi hayar fukafukai ta wayi gari baƙi ne ke yanke hukunci a samaniyarta.

Inda aka dosa

Ɗabi'ar tana nan, masu sayarwa ne suka ƙaru. Nijar ta sayi Sukhoi-25 biyu daga Yukren a 2013, Mali ta karɓi jirage daga Rasha a 2022, ƙasashen Sahel kuma sun rungumi jirage marasa matuƙi na Turkiyya, waɗanda su ma suna buƙatar ƙwararru a ƙasa. Najeriya ta bi hanya mafi tsawo: makarantun horon tuƙi a Kaduna da Kano, da tura matuƙa Amurka kafin isowar jiragen Super Tucano 12 a 2021. Duk da haka, harin da jirgin Najeriya ya kai bisa kuskure kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann ranar 17 ga Janairu, 2017, wanda ya halaka fiye da mutum 100, ya nuna cewa matuƙin gida ma yana iya ɓarna idan bayanin da aka ba shi gurgu ne.

Bambancin shi ne matuƙin gida yana da suna, da kwamanda, da kotun soja da za a iya kai shi. Saboda haka, duk majalisar dokokin da aka kawo wa buƙatar kuɗin jirgin yaƙi ya kamata ta nemi a nuna mata abubuwa uku a kasafi ɗaya: kuɗin horar da matuƙa da makanikai na shekaru, tsarin tantance wurin hari kafin a saki bam, da hanyar bincike da biyan diyya idan an kashe farar hula. A Fabrairu 2025 Faransa ta miƙa wa Kwaddibuwa sansanin Port-Bouët. Tsaron samaniyar Abijan ya dawo hannun masu ita, kuma 'yan kasuwar Adjamé da Treichville suna da haƙƙin sanin wa zai hau jiragen, wa ya horar da shi, kuma gaban wa zai amsa tambaya.