Ilimin zama ɗan ƙasa a kwalejojin ƙaro ilimi na Ingila

A Ingila, yaron da ya gama sakandare yana ɗan shekara 16 yakan zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyi uku: ya tsaya a makarantarsa ya yi shekara biyu ta share fagen jami'a, ko ya kama koyon sana'a a hannun wani kamfani, ko kuma ya shiga kwalejin ƙaro ilimi. A waɗannan kwalejoji ake koyon gini da aikin famfo da wayarin, da gyaran mota da girki da gyaran gashi, da kula da yara da tsofaffi, ban da darussan da ke kai mutum jami'a. Tun 1993 suka fita daga hannun ƙananan hukumomi, kowace ta tsaya da hukumar gudanarwarta. Ɗalibansu da yawa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, wasunsu ma da rana suna aji, da yamma suna bayan kanta.

Batun koya wa waɗannan matasa haƙƙin ɗan ƙasa da nauyin da ke kansa ya samo tushe ne daga gwamnatin Leba da ta hau mulki a 1997. Ministan ilimi na lokacin, David Blunkett, ya kafa kwamiti ya ɗora Farfesa Bernard Crick a kansa, wanda dama malaminsa ne a Jami'ar Sheffield. Rahoton da kwamitin ya miƙa a 1998 ya kafa darasin a kan ginshiƙai uku: sanin ya-kamata a zaman tare, shiga hidimar al'umma, da fahimtar yadda siyasa ke gudana. Daga 2002 ya zama tilas ga 'yan sakandare masu shekara 11 zuwa 16. Sai dai an bar giɓi a fili: darasin yana ƙarewa daidai lokacin da saura shekara biyu yaro ya samu damar kaɗa ƙuri'a. Don haka aka sake ba Crick wani kwamiti, wanda ya fitar da rahoto a 2000 kan 'yan shekara 16 zuwa 19. Zaɓen 2001 ya ƙara wa maganarsa nauyi, domin kashi 59 cikin ɗari kawai na masu rajista suka fita, matasa kuwa su suka fi kowa zama a gida.

A 2001 ɗin ne aka fara shirin gwaji a wasu kwalejoji da cibiyoyin koyon sana'a da ƙungiyoyin matasa, sannan a 2004 hukumar tsara manhaja ta fitar da jagora ga malamai. Ba a mayar da darasin tilas ba, ba a kuma ɗaure shi da jarrabawa guda ba. Abin da aka tsaya a kai shi ne ɗalibi ya zaɓi wata matsala ta gaske da ta shafi jama'a, ya bincike ta, ya kafa hujja, ya ɗauki mataki, sannan ya waiwaya ya duba abin da ya koya. Dabara ce mai kyau, domin saurayin da ya shigo kwaleji don ya gaji da zaman aji ba zai saurari lacca kan bambancin majalisar wakilai da ta dattawa ba.

Inda abin ya fi kamawa shi ne inda aka haɗa shi da sana'ar ɗalibi. Misali, malami ya shigo ajin masu koyon gyaran gashi da takardar albashi, ya ce kowa ya nuna nawa aka cire na haraji, nawa na inshorar ƙasa. Daga nan sai magana ta gangaro kan mafi ƙarancin albashi, wanda aka kafa a 1999, amma sai a 2004 aka sa 'yan shekara 16 da 17 a ciki, kuma aka yanka musu ƙasa da na manya. Wata ɗaliba za ta ce ita da abokiyar aikinta tsefe ɗaya suke riƙewa, awa ɗaya suke tashi, don me za a bambanta su? Wa ya yanke haka, kuma ta wace ƙofa ake kai ƙorafi? Kafin a tashi an taɓo majalisa da ƙungiyar ƙwadago da ɗan majalisar mazaɓa, ba tare da kowa ya ji ana yi masa darasin siyasa ba. Masu koyon gini kuma sukan shiga ta batun tsadar gidaje da wanda ke ba da izinin gini a unguwa.

Kwalejin kanta fili ce ta gwaji. Akwai ƙungiyar ɗalibai, akwai wakilan aji, akwai kuma kujerar ɗalibi a hukumar gudanarwa. Amma matasa ba sa jimawa kafin su gane majalisar da aka kafa don ado. In har abin da ake tuntuɓarsu a kai bai wuce launin fentin ɗakin cin abinci ba, darasin da za su ɗauka shi ne muryarsu ba ta da amfani. Masu cewa matasa ba ruwansu da siyasa sun ga akasin haka a ƙarshen 2010, lokacin da gwamnati ta sanar da soke alawus ɗin da ake ba ɗalibai marasa ƙarfi, wanda yakan kai fam 30 a mako. 'Yan kwaleji suka cika tituna tare da 'yan jami'a, duk da cewa sokewar ta tabbata.

Rashin tilastawa shi ne babban raunin shirin. Darasin da doka ba ta tsaya masa ba, shi ake fara turewa gefe idan lokaci ya ƙure. Tun 2014, ɗalibin da bai ci Turanci da lissafi a jarrabawar gama sakandare ta GCSE ba dole ya ci gaba da karanta su a kwaleji, abin da ya ƙara matse jadawali. Sau da yawa akan cusa darasin cikin awa ɗaya ta mako da malamin aji ke ganawa da ɗalibansa, tare da batun makara da neman aiki. Malamin kuwa wataƙila gwanin walda ne wanda ba a taɓa horar da shi kan yadda ake riƙe muhawara mai zafi ba.

A 2015 alƙiblar ta ɗan juya. Dokar yaƙi da ta'addanci ta ɗora wa kwalejoji nauyin lura da alamun tsattsauran ra'ayi, da kuma cusa abin da aka kira ɗabi'un Birtaniya: dimokuraɗiyya, bin doka, 'yancin kai, da mutunta masu bambancin addini. Hukumar Ofsted mai sa ido kan makarantu tana duba wannan idan ta zo ziyara, shi ya sa ya samu gurbin da shirin Crick bai samu ba. Malamai da dama da ƙungiyoyin Musulmi sun koka cewa tsarin yana sa ɗalibi ya kama bakinsa a aji don gudun a kai sunansa, alhali darasin ya dogara ne kan faɗin ra'ayi a fili.

Batun shekarun kaɗa ƙuri'a ya sake tayar da maganar. 'Yan shekara 16 sun kaɗa ƙuri'a a zaɓen raba-gardama na Sukotland a 2014, haka ma a zaɓen majalisar Wales na 2021, kuma a Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da niyyar ba su wannan dama a babban zaɓe. Idan haka ta tabbata, dubban ɗaliban kwalejojin za su fara zaɓe suna tsakiyar karatu, a matakin da har yanzu doka ba ta wajabta koyar da darasin ba.