3.4 Gudummawar Ching W. Tang a Fagen Lantarkin Sinadarai Masu Tushen Kabon

A wannan sashe za a dubi ayyukan Ching Wan Tang, masanin kimiyyar sinadarai da aka haifa a Honkon a shekarar 1947. Ya yi digirinsa na farko a Kanada, ya kammala na uku a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1975, kuma a wannan shekara ya kama aiki da kamfanin Eastman Kodak da ke Rochester. Galibi akan auna manazarci da yawan maƙalun da ya wallafa, to amma shi Tang tasirinsa ya rataya ne a kan 'yan gajerun maƙalu uku.

Ta farko ta fito a 1986 a mujallar Applied Physics Letters. A cikinta ya nuna cewa idan aka shimfiɗa sinadarai iri biyu, ɗaya bisa ɗaya, mahaɗarsu takan mayar da hasken rana wutar lantarki. Abin da ya samu bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin hasken ba, sai dai a wancan lokaci wannan babban ci gaba ne.

Ta biyu, wadda ya rubuta tare da Steven Van Slyke a 1987, ita ce ƙashin bayan sunansa. Domin a fahimci muhimmancinta dole a waiwayi abin da ya gabata. Tun a 1963 Martin Pope da abokan aikinsa a Jami'ar New York suka sa ƙanƙarar sinadarin antirasin ta yi haske, amma sai da suka tura mata wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt, wato abin da ba zai shiga aljihun kowa ba. Tang da Van Slyke sai suka juya dabarar shimfiɗa biyu: maimakon haske ya haifar da wuta, wuta ce za ta haifar da haske. Shimfiɗa ɗaya tana ɗauko ilektiron, ɗayar kuma tana ɗauko guraben da ilektiron ya bari, inda suka haɗu nan haske yake fita. Da yake kaurin shimfiɗun bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, wutar da ba ta kai bolt 10 ba ta wadatar wajen samar da koren haske mai ƙarfi. Wannan maƙala shafi uku ce kacal, amma daga gare ta fasahar OLED ta samo tushe.

A ta uku, ta 1989, an nuna cewa ɗan ɗigon rini cikin shimfiɗar yakan sauya launin hasken, ya kuma ƙara masa ƙarfi.

Ana iya ganin tasirin waɗannan ayyuka ta fuska biyu. A jami'o'i, rukunin Richard Friend na Kambirij ya samar da irin wannan haske daga sinadarin roba a 1990. A masana'antu kuwa, kamfanin Pioneer na Japan ya fitar da allon OLED a rediyon mota a 1997, sannan Sony ya biyo da talabijin mai inci 11 a 2007. Abin lura shi ne, Kodak da ya mallaki fasahar bai ci moriyarta sosai ba, domin a 2009 ya sayar wa LG na Koriya ta Kudu da wannan sashe nasa. Shi kuwa Tang ya riga ya koma koyarwa a Jami'ar Rochester tun 2006. An ba shi lambar yabo ta Wolf a 2011, da ta Kyoto a 2019.