Jita Mai Tsirkiya Goma Sha Biyu da Abin da Take Koya Mana Game da Karin Sauti

A hutun da ya gabata na tarar da wani matashi a garinmu Kona, cikin ƙasar Tasawa, yana fama da wata jita mai tsirkiya goma sha biyu da ya sayo a Kano. Ya riga ya tsinka tsirkiya ɗaya wajen saiti, kuma samun madadinta sai an yi saƙo birni. Wani dattijo makaɗin gurmi, wanda bai taɓa riƙe jita ba, shi ne ya saurara ya nuna masa tsirkiyoyin da ba su jitu ba. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake ɗaura wa irin wannan jita tsirkiya da yadda ake saita ta, sannan ta nuna darasin da ke ciki ga ɗalibin tsarin sauti.

Tsirkiyoyin nan goma sha biyu tagwaye ne, an jera su bibbiyu a gida shida, kuma yatsa ɗaya ke danne kowane gida. Sunayen gidajen daidai suke da na jita mai tsirkiya shida: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. A gida biyu na ƙarshe tagwayen kaurinsu ɗaya, muryarsu ɗaya. A gida huɗu na farko kuwa, kowace kakkaura tana da siririyar abokiya wadda ke kaɗawa ninkin tata. Alal misali, kakkaurar La tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, siririyarta sau 220. Wannan tazara ta ninki ita ce makaɗa ke kira oktaf.

Wajen ɗauri, ana sauya tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, domin kada a sauke wa wuyan jitar nauyi gaba ɗaya ko a rikita jerin. Ana fara saita kakkaura, sannan a jawo siririyar a hankali har ta hau kanta. Idan tagwaye masu murya ɗaya suka saɓa kaɗan, kunne zai ji sautin yana rawa. Bambancin kaɗawa biyu a daƙiƙa yana haifar da rawa biyu a daƙiƙa, kuma rawar tana lafawa yayin da saiti ke kusantowa. Sai an zagaya gidajen sau biyu ko uku, domin jan kowace tsirkiya yana ɗan tanƙwara wuyan, ya sassauta sauran. Siririyar Sol ta fi saurin tsinkewa, saboda ita ce mafi tsinin murya. Don haka makaɗa da yawa sukan sauke saitin jitar baki ɗaya ƙasa kaɗan. Waƙa ba ta ɓaci da wannan, muddin tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyin ba ta sauya ba.

A nan ne batun ya shafi fanninmu. Tantanin maƙwallato ma kaɗawa yake yi, kuma muryar mace takan kusanci ninkin ta namiji, tamkar tagwayen La. Duk da haka, idan namiji da mace suka furta “wuya” ta jiki, mai karin sama-ƙasa, ba wanda zai ɗauke ta a matsayin “wuya” ta wahala, mai karin ƙasa-sama. Karin ƙasa na mace yakan fi karin sama na namiji tsini, amma mai sauraro yana auna kowace gaɓa ne da maƙwabciyarta a bakin mai magana ɗaya. Haka dattijon nan ya gane kuskuren jitar, domin a gurminsa ma tsirkiya da ƴar'uwarta yake aunawa, ya daidaita su da muryarsa.

Wannan yana da muhimmanci ga masu amfani da manhajar Praat wajen nazarin bayanan da suka naɗo. A jumlar Hausa, karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa yana sauka ƙasa da na gabansa, har ta kai karin sama na ƙarshen doguwar jumla yana iya yin ƙasa da karin ƙasa na farkonta. Ɗalibin da ya dogara ga alƙaluman kwamfuta kaɗai zai yi wa wannan gaɓa alamar karin ƙasa, ya mai da “kuka” na hawaye “kuka” ta miya. Ya kamata a kwatanta kowace gaɓa da wadda ke kusa da ita, a sake sauraron kalmar ita kaɗai daga bakin mai harshen, kafin a ɗora alama.