Tafin Hannu Huɗu a Kan Kwalta: Abin Lura Kafin a Sauya Girman Taya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai faci ya ji irin wannan ciniki. Wani mai mota yana so a cire tayoyin da motarsa ta zo da su a sa mata masu faɗi, don a cewarsa sun fi kama ƙasa. Wani kuma dogaye yake nema, don cikin motarsa ya daina dukan ƙasa a hanyar ƙauye. Kowannensu yana da hujja, amma akwai lissafin da ya kamata a yi kafin a kwance noti ko ɗaya, kuma lissafi ne da bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba.

Mu ɗauki mota mai nauyin kilogiram 1,200, wato kowace taya tana ɗauke da kilogiram 300. Idan gejin mai faci ya nuna 32, iskar da ke ciki tana tura kowane murabba'in santimita da ƙarfin kimanin kilogiram 2.25. In aka raba 300 da 2.25 za a sami wajen murabba'in santimita 133, abin da bai wuce tafin hannun babban mutum da yatsunsa ba. Wannan shi ne iyakar abin da ke taɓa ƙasa. Ke nan birki da sitiyari da ƙarfin inji, har da rayukan fasinjoji, duk sun dogara ne a kan tafin hannu huɗu.

Karatun Gefen Taya

A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 195/65 R15 91H. Lamba ta farko, 195, faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 ne cikin ɗari na faɗinta, wato milimita 126.75. Harafin R yana nuna cewa zaruruwan cikinta sun ratsa ta ne daga baki zuwa baki, irin ƙirar da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. Lamba 15 girman wili ne a inci, daidai da milimita 381. Ita kuwa 91 alama ce ta nauyin da tayar za ta iya ɗauka, kilogiram 615, sannan H tana nufin an gina ta don gudun da bai wuce kilomita 210 a awa ba.

Domin a san tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama, sai a haɗa girman wili da gefe biyu: 381 da 126.75 sau biyu, ya ba da milimita 634.5. Kewayenta kuwa ya kusa mita biyu, saboda haka takan juya wajen sau 500 a kowace kilomita.

Idan Tsayi Ya Sauya

Maleji ba ya ganin hanya. Juyin taya yake ƙirgawa, bisa zaton cewa tayar da masana'anta ta sa ita ce har yanzu take ƙasa. A ce mai neman doguwar taya ya sa 215/70 R15. Tsayinta milimita 682 ne, ƙarin kashi 7.5 cikin ɗari. Yanzu duk lokacin da maleji ya nuna 100, ainihin gudun motar ya kai 107, direba bai sani ba. Bugu da ƙari, motar za ta yi nauyi wajen tashi, tayar na iya gugar jikin motar idan aka karya sitiyari ko aka ɗauki kaya, kuma da yake motar ta ƙara tsayi, za ta fi karkata a kwana. Abin da aka samu a madadin duk wannan shi ne ɗagin milimita 24 kacal, wanda bai cika inci ɗaya ba. Garin neman ƙiba an samo rama.

Amma da 205/55 R16 ya sa, tsayinta milimita 631.9 ne, bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, domin abin da wili ya ƙara, gefen taya ya rage. Ƙa'idar da masu sana'ar taya suka saba bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari. Sai dai gajeren gefe, ko da yake yana sa mota ta fi jin sitiyari, ba shi da isasshiyar roba da iskar da za su shanye duka. A hanya mai ramuka, wili ya kan lanƙwashe, tayar kuma ta yi ƙari a gefe.

Shin Faɗi Yana Ƙara Riƙo?

A 1699 wani masani ɗan Faransa, Guillaume Amontons, ya nuna cewa gogayya tsakanin abubuwa biyu masu tauri ta dogara ne a kan nauyin da ya danne su, ba a kan faɗin wurin da suka haɗu ba. Roba ba ta bin wannan doka sau da ƙafa, domin tana da laushi, tana shiga ƙananan ramukan kwalta ta manne. Duk da haka, lissafinmu na farko ya nuna cewa nauyi da iska ne suka fi tsara girman tafin da ke taɓa ƙasa. Taya mai faɗi siffar tafin ta fi sauyawa: ya gajarce ta gaba da baya, ya buɗe ta gefe. Wannan yana taimakawa wajen shan kwana a busasshiyar kwalta, amma yana ƙara shan mai.

Da damina kuwa labari ya kan sha bamban. Aikin zanen taya shi ne kore ruwa daga ƙarƙashinta, kuma mai faɗi tana da ruwa mai yawa da za ta kore. Idan gudu ya yi yawa ruwan ya kasa fita, sai tayar ta hau bisa ruwa, birki da sitiyari su zama ba su da amfani. Sabuwar taya tana da zane mai zurfin kimanin milimita 8, kuma a ƙasashen Turai doka ta hana hawa wadda zanenta bai kai milimita 1.6 ba. Ga misalin abin da riƙo yake nufi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa, in ma'aunin gogayyarta 0.8 ne, za ta tsaya bayan mita 49 daga inda birki ya kama. In ya faɗi zuwa 0.4, kamar yadda suɗaɗɗiyar taya kan yi a jiƙaƙƙiyar hanya, sai ta ci mita 98, kusan tsawon filin ƙwallo.

Roba da Shekarunta

Tun da Charles Goodyear na Amurka ya gano a 1839 cewa dafa roba da farar wuta yana ƙarfafa ta, masana'antu suke haɗa roba iri-iri don yanayi iri-iri. Cikin tayoyi na hannu da ake shigowa da su daga Turai akwai waɗanda aka yi don hunturu, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu an yi ta ne don sanyin da ya gaza digiri 7. A kan kwaltarmu ta bazara sai su yi laushi, su cinye da wuri, birki kuma ya yi nisa. Haka nan roba tana bushewa ta tsattsage ko ba a hau ta ba. Tun shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT suna nuna lokacin da aka yi taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai biyar, a jefar da ita in ta kai goma. Araha dai ba ta ado.

Kammalawa

Mai neman riƙo ya fara da girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Ya zaɓi sabuwar taya mai cikakken zane, wadda lambar nauyinta da harafin gudunta ba su gaza na asali ba, ya riƙa auna iska da safe kafin tayar ta yi zafi. In biyu kawai zai iya saya, ya sa sababbin a baya, domin santsin baya ya fi wuyar gyarawa da sitiyari. Malamai kuwa suna iya fita da ɗalibai wurin ajiye motoci na makaranta, su kwafi lambobi, su lissafa tsayi da kewaye, sannan su duba shekarun kowace taya. Mai yiwuwa darasin ya ƙare da shawarar da za ta ceci ran wani.